TAKARDAR TALAKA A BIRO: A BA MU AMSA, KO DA A'A CE

 Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, yau kuwa muna so mu baje ta a faifai kowa ya gani.

Bara waccan, mu malaman lakwal na ƙauyukan wani yanki muka haɗu muka rubuta takarda zuwa wani biro da ke bisanmu. Ba kuɗi muka roƙa ba, ba kuma girma ba. Abin da muka roƙa shi ne a sake ƙa'idar lokacin shiga aji a watannin bazara, don yara su yi karatunsu duka da safe, kada su komo da rana tsaka su zauna cikin rumfar kara suna gyangyaɗi, alli na narkewa a hannun malami. Muka sayi tambur muka manna, kowa ya sa hannu, ɗayanmu ya hau keke ya kai. Mai tsaron ƙofa ya karɓa da hannu biyu. Da muka koma bayan wata guda, aka ce tana kan tebur. Da muka sake komawa, aka ce mai gida ya tafi rangadi. A zuwa na uku sai sakatare ya dube mu ya ce, "Wace takarda?"

Ku lura, jama'a, ba mu ce an hana mu ba. Da an hana mu ai da mun san inda muka kwana. Abin da aka yi mana ya fi hani ciwo: an bar mu tsaye bakin ƙofa, ba a ce mu shigo ba, ba a ce mu tafi ba. Wanda duk ya taɓa kai takarda biro ya san wannan tsayuwa.

Wannan ne ya sa muka shiga binciken yadda wasu ƙasashe su ke yi da takardar talaka in ya roƙi a kafa sabuwar ƙa'ida ko a gyara tsohuwa. Inda muka tarar an fi tsara abin dalla-dalla shi ne jihohin Amurka. Ba don mutanen can sun fi kowa kirki ba ne, za ku gani nan gaba cewa su ma sun iya kwantar da takarda shekara goma sha biyar. Abin da ya ja hankalinmu shi ne sun rubuta wa biro abin da zai yi in takarda ta shigo, har da yawan kwanakin da zai yi shi.

Da farko sai mu raba doka da ƙa'ida, don mutane da yawa suna gama su. Amurka jihohi hamsin ce, kowace da gwamnanta da majalisarta. Majalisa ita ke yin doka, amma doka a taƙaice ta ke magana. Sai ta ce, misali, a kiyaye ruwan sha daga ƙazanta. To, ƙazanta nawa? A wace rijiya? Wa zai auna, sau nawa a shekara, tarar nawa ce ga wanda ya saɓa? Duk wannan hukumomi ne ke rubuta shi, hukumar ruwa, ta lafiya, ta aikin gona, ta makarantu, ta lasisin sana'a. Abin da suka rubuta shi mu ke kira ƙa'ida. Doka uwa ce, ƙa'ida ɗiyarta, amma ɗiyar ce ke shigowa gidan mutum kullum. Ga kuma inda gizo ke saƙa: ɗan majalisa kai ka zaɓe shi, in ya ɓata maka rai ka jira shi ran zaɓe. Ma'aikacin da ya rubuta ƙa'ida kuwa ba ka zaɓe shi ba, galibi ko sunansa ba ka sani ba. To, ta ina za ka kama shi?

Tun 1791 tsarin mulkin Amurka ya ba kowa ikon kai kuka ga gwamnati. Amma ikon kai kuka daban, tilasta wa mai mulki ya saurara daban. A 1836, da takardun masu ƙin bauta suka yi wa majalisar wakilai ta tarayya yawa, sai ta yanke cewa duk takardar da ta taɓo maganar bayi a ajiye ta ba tare da an tattauna ba. Tsohon shugaban ƙasa John Quincy Adams, wanda a lokacin ya komo ɗan majalisa, ya yi ta faɗa da wannan har aka soke shi a 1844. Shekara takwas ana karɓar takarda da hannu biyu ana turawa aljihun tebur, kuma ba wanda zai ce an hana shi rubutu.

Sai a 1946 aka yi dokar da ta tsara aikin hukumomin tarayya, aka sa a ciki cewa kowace hukuma ta ba duk wanda abin ya shafa damar roƙon a kafa ƙa'ida, ko a gyara ta, ko a soke ta. A wannan shekara kuma masana shari'a suka tsara wani samfurin doka don jihohi su kwaikwaya, aka sabunta shi a 1961, da 1981, da 2010. Samfurin 1961 ya ce cikin kwana 30 hukuma ta yi ɗayan biyu: ko ta ƙi a rubuce tare da dalilanta, ko ta fara aikin yin ƙa'idar. Na 1981 ya mai da kwanakin 60. Ba kowace jiha ta ɗauki samfurin yadda ya ke ba, kowa ya yanka daidai wuyansa. Kalifoniya da Filorida kwana 30 suka sa. Tekzas da jihar Washinton kwana 60. Oregon kwana 90.

Dokar Kalifoniya ta faɗi abu uku da mai roƙo zai rubuta: ƙa'idar da ya ke so, dalilin da ya sa ya ke so, da kuma dokar da ta ba wannan hukuma ikon yin abin. Ku riƙe na ukun nan, za mu komo kansa. In hukuma ta yanke, ana buga hukuncinta cikin mujallar sanarwa ta jihar, kowa ya karanta, kuma mai roƙo yana da kwana 60 ya ce a sake dubawa. Jihar Washinton ta ƙara wani abu da ya burge mu. Ba ta yarda hukuma ta ba da amsar gama-gari ba, sai ta taɓo damuwar da mai roƙo ya kawo ita kanta, in kuma akwai wata hanya da za ta bi ta magance matsalar, ta faɗe ta. In roƙon na gyara ko soke wata ƙa'ida ne aka ƙi, mutum yana da kwana 30 ya kai maganar gaban gwamna, gwamna kuma yana da kwana 45 ya amsa. Har fom aka buga wanda kowa zai iya cikawa ba sai da lauya ba.

Wani zai ce, to mene ne abin murna a ƙidayar kwana? Bari mu nuna muku abin da ke faruwa in babu ita. Dokar tarayya ta 1946 ba ta sa adadin kwana ba, ta ce dai a gama cikin lokacin da ya dace. A 1972 wata ƙungiyar Amurkawa masu jin harshen Sifaniya ta roƙi hukumar tarayya mai kula da lafiyar ma'aikata ta kafa ƙa'ida a kan ƴan ƙodagon gona. Me suka roƙa? Ruwan sha, da wurin wanke hannu, da makewayi. Ma'aikatan masana'antu da na gine-gine suna da waɗannan a ƙa'ida tun tuni, masu tsinkar tumatir da inabi cikin rana ne kawai aka manta da su. Hukuma ba ta ce a'a kai tsaye ba. Yau ta ce akwai abin da ya fi wannan gaggawa, gobe ta ce a bari jihohi su yi da kansu. Aka yi ta shiga kotu ana fita. Sai a 1987 kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Washinton ta gaji ta ba da umurni, aka fito da ƙa'idar: gonar da ke da ƴan ƙodago 11 ko fiye sai ta ba da ruwan sha, da makewayi ɗaya da wurin wanke hannu ga kowane mutum 20, kada kuma nisansu ya wuce kamar mita 400. Shekara goma sha biyar a kan tulun ruwa da makewayi! Yaron da aka haifa ran da aka kai takardar ya isa shiga gonar kafin amsa ta zo. Wannan shi ne "lokacin da ya dace" in aka bar wa biro ya auna da mudunsa.

Yanzu mu zo ga labarin da mu ke so mu daɗe a kansa, na jihar Kolorado, don a cikinsa a ke ganin amfanin wannan hanya da iyakarta gaba ɗaya.

Kolorado ƙasar man fetur da gas ce. Tun 1951 ta ke da hukuma mai ba da izinin haƙa rijiyoyin mai. Da aka shigo da dabarar fasa dutsen ƙarƙashin ƙasa da ruwa mai tsananin ƙarfi, rijiyoyi suka yawaita, har suka kusanci gidaje da makarantu a garuruwan arewacin birnin Denba. A Nuwamba 2013 wasu yara, cikinsu akwai Xiuhtezcatl Martinez mai shekara 13, suka kai wa hukumar takarda. Suka roƙi a kafa ƙa'ida cewa ba za a ƙara ba da izinin haƙa ba sai an tabbatar da hujjar ilimi, wasu masana da ba na hukumar ba kuma sun gaskata, cewa haƙar ba za ta cuci iska, da ruwa, da dabbobi, da lafiyar mutane ba.

Dokar Kolorado ba ta da tsanani kamar ta Washinton, ta bar wa hukuma ta ga dama. Duk da haka hukumar ba ta ce "wace takarda?" ba. Ta buɗe ƙofa jama'a suka aiko da ra'ayi, ta zauna ta saurari masu so da masu ƙi, sannan a 2014 ta ƙi, a rubuce. Babban dalilinta shi ne dokar da ta kafa ta ba ta ba ta ikon yin haka ba, don dokar ta ce aikinta ta haɓaka haƙar mai tana kuma lura da lafiyar jama'a, ba ta ce a tsai da haƙa ɗungum ba. Ta ƙara da cewa tana aiki da ma'aikatar lafiya ta jihar a kan waɗannan matsaloli, kuma akwai wasu ayyuka da ke gabanta.

Da wannan takardar ƙi yaran suka tafi kotu. Kotun farko ta ba hukuma gaskiya. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara, alƙali biyu da ɗaya, ta ba yaran gaskiya, ta ce kiyaye lafiya sharaɗi ne, ba abin da za a ɗora a ma'auni da ribar mai ba. Gwamna John Hickenlooper ya ce kada a ɗaukaka ƙara, amma babbar lauyar jihar, Cynthia Coffman, ta ɗaukaka. A Janairu 2019 kotun ƙoli ta jihar, duk alƙalanta baki ɗaya, ta ce hukuma ce ta fahimci dokar daidai. Ta kuma faɗi wata magana da ya kamata duk mai kai takarda ya sani: in hukuma ta ƙi yin ƙa'ida, kotu ba ta zurfafa bincike, tana duba dai ko dalilin da aka bayar yana da kai da gindi, in yana da shi sai ta janye hannu.

To, yaran sun faɗi. Shekara biyar da wata biyu, aka ce musu a'a daga ƙasa har sama.

Amma ku ji abin da ya biyo. Wata uku bayan wannan hukunci, a Afrilu 2019, majalisar jihar ta gyara dokar, sabon gwamna Jared Polis ya sa hannu. Aka cire kalmar nan ta haɓaka haƙar mai, aka ce aikin hukuma shi ne ta tsare harkar ta yadda za a kiyaye lafiyar jama'a da muhalli, aka kuma ƙara wa garuruwa iko a kan inda za a haƙa. A 2020 hukumar nan da ta ce ba ta da iko ta zauna ta rubuta sababbin ƙa'idodi, ciki har da cewa sabuwar rijiya ta nisanci gidaje da makarantu da ƙafa 2,000, wato kamar mita 600, ko da ya ke an bar wasu ƙofofin togaciya. A da ƙafa 500 ne ga gida.

Ba za mu yaudare ku mu ce takardar yara ce kaɗai ta jawo wannan ba. A Afrilu 2017 gas ya bi wani bututu da aka yanke aka bari, ya cika ƙarƙashin wani gida a garin Firestone, gidan ya fashe, mutum biyu suka mutu, wannan ya girgiza jihar ƙwarai. A Nuwamba 2018 an jefa ƙuri'a a kan a nisanta rijiyoyi da ƙafa 2,500, jama'a suka ƙi, amma a wannan zaɓe ne kuma jam'iyyar Dimokurat ta kama majalisar dattawan jihar. Duk waɗannan sun taru. Abin da takardar ta yi, a ganinmu, shi ne ta tilasta wa hukuma ta nuna da yatsa inda ƙullin ya ke. Kafin 2014 mai gidan da rijiya ta zo masa bayan danga bai san wa zai kama ba. In ya je hukuma a ce doka ce, in ya je majalisa a ce ai akwai hukuma. Bayan hukuncin 2019 ba sauran wannan wasan ɓuya. Hukuma ta rubuta cewa doka ce ta ɗaure ta, kotun ƙoli ta buga hatimi a kai, kowa ya san kalmar da za a cire da kuma waɗanda ke da ikon cire ta.

Mu kam, ko da zuciyarmu tana tare da yaran, ba mu ga laifin alƙalan ba. Ku tuna abu na uku da Kalifoniya ke tambaya: wace doka ta ba hukuma iko? In ma'aikaci zai iya tsallake dokar majalisa don takarda ta taɓa masa zuciya, gobe zai tsallake ta don wani ya taɓa masa aljihu. Gara ya ce ba shi da iko, ya rubuta, ya sa hannu.

Ba kullum kuma "ba mu da iko" ke zama gaskiya ba. Wani lokaci mafaka ce. A jihar Masacusets wasu matasa sun roƙi hukumar muhalli a 2012 ta kafa ƙa'idodin rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, kamar yadda wata dokar jihar ta 2008 ta umurta. Hukuma ta ƙi, ta ce ai ta riga ta cika aikinta. A 2016 babbar kotun jihar ta ce ba ta cika ba, a 2017 aka fito da ƙa'idodin. A tarayya ma haka: a 1999 ƙungiyoyi 19 suka roƙi hukumar kare muhalli ta sa iyaka ga hayaƙin sababbin motoci. Ta yi shekara huɗu kafin ta ƙi, a 2003, ta ce ba ta da iko, kuma ko da tana da shi ba ta ga ya dace ba. A 2007 kotun ƙolin Amurka, alƙali biyar da huɗu, ta ce tana da iko, kuma in za ta ƙi sai ta kawo dalili daga cikin dokar kanta, ba daga son ran masu mulki ba. Da hukumar ta yi shiru tun farko, da me za a kama ta? Dalilin da ta rubuta da hannunta shi ya zama igiyar da aka ja ta. (Mu faɗa muku kuma, don kada ku zaci an gama: a 2009 hukumar ta yanke cewa hayaƙin yana da haɗari, a Yuli 2025 kuma, ƙarƙashin wata gwamnati, ta fito da shirin soke wannan hukunci nata. Abin da biro ya rubuta, biro na iya gogewa.)

Yanzu bari mu ba ma'aikata haƙƙinsu, don mu ma ma'aikata ne, mun san nauyin tebur. Suna cewa in kowa zai rubuto, kuma dole a amsa wa kowa cikin wata ɗaya ko biyu, yaushe za a yi aikin da aka ɗauke su dominsa? Suna cewa wani zai aiko da roƙo ɗaya sau goma, wani kuma ba ƙa'ida ya ke so ba, faɗa ya ke nema. Akwai gaskiya a nan. Malamin da ke da yara tamanin a aji ya san ba kowace ɗaga hannu ce tambaya ba. Amma amsar wannan ba ta da wuya. Takardar banza, layi biyar sun ishe ta: mun gani, mun ƙi, ga dalili, an riga an amsa irinta ran kaza. Wanda bai iya rubuta layi biyar cikin kwana 60 ba, ba yawan aiki ne ke damunsa ba. Kuma doka ba ta ce a gama ƙa'ida cikin kwanakin nan ba, ta ce dai a faɗi ko za a fara ko ba za a fara ba.

Nan ma akwai rami, kada mu ɓoye. Hukuma mai wayo tana iya cewa "mun karɓa, mun fara", ta kafa kwamiti, ta kira taro, shekara ta zagayo ba a ga komi ba. A jihar Washinton ɗin nan da muka yaba, yara takwas sun kai wa hukumar muhalli takarda a 2014 aka ƙi, alƙali ta ce a sake dubawa, hukuma ta fara rubuta ƙa'ida, sannan a farkon 2016 ta janye daftarin, sai da aka sake komawa kotu. An fito da ƙa'idar a Satumba na wannan shekara, a 2020 kuma kotun ƙolin jihar ta soke wani babban sashe nata. Ƙidayar kwana tana tsare bakin ƙofa ne, ba ta bin takarda har cikin ɗaka.

Abin da ya fi wannan damunmu shi ne wa ke shiga ta ƙofar. An ce kowa, amma kowa ba ɗaya ba ne. Kamfani yana da lauya da ke zaune ba shi da wani aiki sai karanta ƙa'idodi, ya san layin da ke matsa wa uban gidansa, ya san yadda zai rubuta roƙo da harshen da biro ke ji. Su yaran Kolorado da na Washinton, ai ba su kaɗai suka tsaya ba, akwai ƙungiyoyi da lauyoyi a bayansu shekara da shekaru. Mai tsinkar inabi wanda bai iya Turanci ba, da ba ƙungiya ta ɗauki maganarsa ba, da har yau yana neman gindin itace. Wanda ya ce wannan hanya ta daidaita talaka da mai kuɗi ya yi ƙarya. Abin da ta yi kaɗan ne: ta hana a yi kamar ba a gan shi ba. Mu da muka tsaya gaban sakatare yana tambayarmu wace takarda, mun san wannan kaɗan ɗin ba ƙarami ba ne.

Su Faransawa, waɗanda daga gare su birorinmu suka gaji yawancin al'adunsu, wata dabara suka yi. Dokarsu ta 1900 ta ce in hukuma ta yi shiru wata huɗu, a ɗauka ta ƙi, mutum ya tafi kotu. A shekara ta 2000 aka rage zuwa wata biyu, a 2013 kuma aka juya abin ga wasu irin roƙo, aka ce shiru yarda ne, amma da togaciya masu yawan gaske. A 1989 babbar kotunsu mai shari'a tsakanin mutum da hukuma ta yanke cewa in aka roƙi hukuma ta soke ƙa'idar da ta saɓa wa doka, dole ta soke. Wannan dabara ta fi babu, don aƙalla shiru yana da ranar ƙarewa. Amma shiru ba shi da dalili a cikinsa. Mutumin ƙauye da aka ce masa shirun nan a'a ne, ya je kotu, me zai ce wa alƙali? Da wa zai yi gardama? Ga kuɗin mota, ga kuɗin lauya, a kan maganar da layi biyar za su kashe. Mun fi son a'a mai baki da a'a bebiya.

Saboda haka ga abin da mu ke ganin ya kamata duk biron da ke rubuta wa jama'a ƙa'ida ya ɗaure kansa da shi, ko a Kolorado ya ke ko a ina. Ran da takarda ta shigo a ba mai ita rasit mai lamba da kwanan wata, don kada a wayi gari a ce ba a gan ta ba. A sa adadin kwana a rubuce, ba "lokacin da ya dace" ba. In an ƙi, a faɗi dalili, dalilin kuma ya taɓo abin da aka tambaya, mai ƙin ya sa sunansa. In rashin iko ne, a faɗi wanda ke da ikon, kada a bar mutum yana yawo tsakanin ƙofofi kamar akuyar da ta ɓata ran kasuwa. A kuma ajiye littafi a fili inda kowa zai ga abin da aka roƙa da abin da aka amsa, don ta haka ne za a gane ko takardar attajiri tana gudu, ta talaka tana rarrafe. Duk wannan ba ya cin kuɗin gina ko aji ɗaya. Abin da ya ke ci shi ne jin daɗin nan na mai tebur, na ya ga mutum ya zo sau uku yana cire hula.

Wani dattijo cikinmu ya ce mu bar wannan magana, wai in aka tilasta musu amsa, a'a za su riƙa bugawa kowace takarda don su huta. Wataƙila. Amma a'a ɗin da aka rubuta ana iya ninke ta a sa aljihu, a karanta ta a taron iyayen yara, a kai wa depite, a ajiye ta har ran da wani zai zauna kan kujerar. In suka ce mana dokar sama ce ta tsai da lokacin shiga aji, mun san ba su za mu ƙara damu ba. In suka ce awowin karatu ba za su cika ba, sai mu ɗauko alli mu yi musu lissafi, don mun riga mun yi shi: in aka shiga da sassafe aka rage hutun tsakiya, ba abin da ke raguwa.

Mun sake rubuta takardarmu. Wannan karon mun yi ta kwafi uku, mun faɗi ƙa'idar da mu ke so a gyara, da dalili, da layin da mu ke ganin ya ba biron iko. Iyayen yara na ƙauye huɗu sun dangwala hannu. Wanda zai kai ta zai tafi da kwafi na biyu, ya roƙi sakatare ya buga masa hatimi da kwanan wata a kai, ba zai taso daga benci ba sai an buga. Malaman wasu yankuna da ke fama da wannan rana, in kuna so a sa sunan makarantunku, ku aiko kafin sanyi ya wuce.